Maganin Hawan Jini Kamar Zubin Asusu Yake: Me Ke Sa Mu Dainawa a Hanya?



A kowane rukuni namu, in aka zauna aka bi mace-mace ana tambaya, da wuya a rasa wadda aka taɓa gaya wa a asibiti cewa tana da hawan jini, wanda muka fi kira tansiyo. Wata wajen awon ciki aka gano nata. Wata jiri ne ya kai ta. Wata kuma yaro ta kai, majo ya ce ta miƙo hannu a auna ta. An rubuta magani, an saya, an sha kwana ashirin ko wata guda. Amma a tambaya yau wa ta sha nata da safen nan, sai a ga ana kallon-kallo.

Wannan magana ta shafi asusu kai tsaye. Ranar da ɓarin jikin mace ya shanye, sana'arta ta tsaya cak. Bashin da ta ci a asusu ya zama nauyi a kan rukuni, a sayar da awakinta a biya asibiti, a fidda ɗiyarta daga makaranta don ta yi jinya. Mafi yawan lokaci kuwa, ƙwaya ɗaya ko biyu a rana za su iya kare mu daga wannan. To me ke sa muke farawa mu daina?

Ciwon da ba ya sallama

Zuciya ita ke tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda injin ban-ruwa ke tura ruwa cikin tiyo a gonakin Jiratawa. In ƙarfin turawar ya yi yawa kullum, dare da rana, tiyon zai gaji. Wata rana ya fashe ko ya toshe. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Zuciya kanta tana kumbura ta kasa aiki, ƙoda tana lalacewa, ido yana dushewa.

Idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka, yana da hawan jini. A asibitocinmu za ki ji an ce "sha huɗu bisa tara", duk abu ɗaya ne. Abin da ya sa ciwon ke da haɗari shi ne mutum yana iya yin shekaru da shi bai ji komai ba. Yana noma, yana daka, yana zuwa kasuwa. Ciwon kai ko jiri ba su ne ma'auni ba, na'urar awo kaɗai ke faɗin gaskiya.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya sauke shi yadda ya kamata. A nan Nijar, binciken ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin manya huɗu na ɗauke da shi. Ashe ba ciwon Alhazan birni ba ne kaɗai, kamar yadda aka daɗe ana faɗi.

Abin da masu bincike suka gano

A 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 12, har da Nijar, a kan majinyata 2,198 masu hawan jini. An samu cewa kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke shan magani daidai yadda aka rubuta. Fiye da ɗaya cikin huɗu sun ce sun taɓa dakatar da magani saboda rashin kuɗi, a cikin mafi talauci kuwa abin ya kusa kai rabi. Abu na biyu da ya fito fili shi ne masu amfani da maganin gargajiya sun fi sakaci da na asibiti.

A lura, a asibitocin birane aka yi wannan bincike, inda farmasi take kusa. Mu da sai mun hau kabu-kabu ko mun taka da ƙafa, kowa ta san yadda namu lissafin yake. Don haka mace da ta daina shan magani, kada mu yi saurin cewa taurin kai ne. Mu tambaye ta dalili tukuna, domin kowane dalili da irin maganinsa.

"Ai na warke"

Wannan shi ne babban dalilin da muka fi ji. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro: kwana uku ka sha, ka miƙe, an gama. Mun saba da allura. Sai muka ɗauka kowane magani haka yake. Za ki ji mace ta ce, "Ni lahiyata lau yanzu, an auna an ce ya sauka, mi zan yi da ƙwaya?"

Gaskiyar ita ce maganin ne ya sauke shi, kuma maganin ne ke riƙe da shi. Aikin ƙwaya ɗaya ba ya wuce yini guda ko kusa da haka. In aka daina, cikin ƴan kwanaki ko makonni jinin ya koma inda yake, ba tare da an ji a jiki ba. Ga yawancin mutane, maganin hawan jini abokin zama ne har iyakar rai. Likita yana iya ragewa ko ya canja, amma shi zai yanke wannan bayan ya auna.

Akwai kuma masu sha sai ranar da kansu ke ciwo, ko ranar da aka ɓata musu rai. Wannan ma bai kare mutum. Mu da muke asusu mun san abin da ake nufi da zubi: sati-sati ne, ko da ciniki ko babu. Wadda ta zuba sau uku ta ɓace, ran rabo ba ta da bakin magana.

Wasu na tsoron kada jiki ya saba da ƙwaya, ko ta kashe musu ƙoda. Maganin hawan jini ba irin tramol ba ne, ba ya sa maye, ba ya kama mutum. Ƙoda kuwa, hawan jinin da aka bari ba magani shi ne ya fi cin ta.

Kuɗi, hanya da izini

Tun 2006 gwamnati ta sa kulawar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, da awon ciki da tiyatar haihuwa. Daga Satumban 2024 kuma an rage kuɗin ayyuka a asibitocin gwamnati da rabi. Mun gode Allah. Sai dai ƙwayar hawan jini da ake saya wata-wata, har yanzu daga ɗan abin da mace ta ƙulle a bakin zane take fitowa, ko daga aljihun maigida.

Kuɗinmu kuwa da lokacinsa. Da kaka akwai gero, akwai gyaɗa, ana mai ana ƙuli-ƙuli, magani bai gagara. Da bazara rumbu ya yi ƙasa. Da damina ga noma, ga zazzaɓin yara, ga hatsi ya yi tsada. Uwa in ta riƙe jika guda, ga tiyar gero ga katin magani, mun san wanda za ta ɗauka. Wasu sai su koma dabara: a raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe don kati ya daɗe. Wannan dabara ba ta fisshe mu. Gara a faɗa wa majo gaskiya cewa kuɗin sun yi yawa. Magunguna irin su amlodipine da hydrochlorothiazide suna da nau'in da ake kira jenerik, wanda ya fi araha ƙwarai, aikinsu kuma ɗaya ne da na mai kwali mai sheƙi. A tambaya. Ba abin kunya ba ne.

Sai hanya. Wadda ke cikin garin Safo asibiti na kusa da ita. Wadda ke ƙauye sai ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa, wani lokaci kuɗin hanya ya fi na magani. In gulbi ya kawo, wasu hanyoyin sai haƙuri. In ta zo aka ce maganin ya ƙare, sai Madarunfa ko Maraɗi. Mun kuma ga yadda magani ya yi wuya bayan rufe iyakoki a 2023. Darasin da ke ciki shi ne kada a jira ƙwaya ta ƙarshe. In saura na sati guda, a fara neman na gaba.

Akwai kuma maganar izini. Maigida ya ga mace tana aikinta garau, ta ce za ta asibiti, ya ce "Mi ya same ki?" Shi ma bai san cewa ciwon ba ya nuna kansa ba. Sau ɗaya a roƙe shi ya raka ki, ya ji daga bakin majo, a auna shi shi ma. Maza da yawa a nan suke gano nasu.

In maganin ya zo da tasa damuwa

Wasu sun daina ne don maganin ya dame su, kuma ba wanda ya gaya musu haka na iya faruwa. Amlodipine yakan sa ƙafa ta kumbura wajen idon sawu. Captopril da enalapril sukan kawo busasshen tari mai naci, har a yi zaton ciwon ƙirji ne. Hydrochlorothiazide yana sa yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe. Wasu kan ji jiri in sun miƙe da sauri, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu.

Duk waɗannan suna da mafita. Maganin hawan jini iri-iri ne, in wannan bai karɓe ki ba akwai wani. Abin da ba a so shi ne a ajiye shi shiru a ƙasan katifa, a daina zuwa asibiti don kunyar majo. A koma a ce, "Wanga magani yana sa ni tari." Maganar ke nan, sai a canja.

Mu ma muna da haƙƙin tambaya. Layi yana da tsawo, ma'aikata sun gaji, takardar magani kuma da Faransanci take. Duk da haka, kafin ki tashi daga kujera ki tabbata kin san abu huɗu: sunan maganin, sau nawa a rana, nawa awonki ya nuna yau, da ranar dawowa. In ba ki karatu, a yi miki alama a jikin kwalin, rana don safe, wata don dare.

Mantuwa kuwa kowa na yi. A ɗaure shan magani da abin da ba a mantawa, kamar sallar asuba. In an manta aka tuna cikin yinin, a sha. In har gobe ta yi, a sha na goben kawai, kada a haɗa biyu.

Zoɓo, tafarnuwa da mai tallar magani

Ba za mu ce abin da iyayenmu suka sani banza ne ba. Zogale abinci ne mai kyau. Zoɓo, wanda wasunmu ke cewa bisab, an yi bincike an ga yakan ɗan sauke jini kaɗan, in ba a cika shi da sukari ba. Amma ba wanda zai iya gaya miki kofi nawa ne daidai da awonki, kuma ƙarfinsa bai kai ya riƙe jinin da ya hau sosai ba. Matsalar tana farawa ranar da aka ce "na koma na Hausa" aka ajiye na asibiti. Duk jiƙon da kike sha, ki faɗa wa majo, don wasu ba sa jituwa da ƙwaya.

Haka addu'a da rubutu. Malamanmu kullum suna faɗa mana neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. A yi addu'a, a sha magani. Idan kuma bakin mace ya karkace dare ɗaya, kafin a fara cewa iska ce ko jifa, ko a ɗora wa kishiya, a kai ta asibiti a auna. Gidaje nawa zargi ya raba, alhali jini ne ya hau?

Mai tallar magani a faranti ko a bayan keke ya fi kusa, yana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, har bashi yana bayarwa. Amma maganinsa yini yake a rana, ba ka san daga ina ya fito ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gwada magungunan zuciya da hawan jini daga ƙasashen Afirka 10, da Nijar a ciki, aka samu kusan ɗaya cikin shida ba shi da inganci. A sayi magani a asibiti ko a farmasi mai izini. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da muke sha bayan aikin gona, domin suna ƙara hawan jini, suna kuma raunana aikin maganinsa.

Gishiri ma yana ja da magani. OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji. Kanwa ita ma danginsa ce. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta, baki zai saba.

Ciki, jego da azumi

Mai hawan jini da ta samu ciki ko take neman samu, ta je asibiti da wuri da kwalin maganinta a hannu. Captopril da enalapril suna cutar da ɗan ciki, za a canja mata zuwa irin su methyldopa ko nifedipine. Kada ta daina da kanta, kada kuma ta ci gaba da tsohon ba shawara. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, kanta ke sarawa, ko take ganin duhu-duhu, a kai ta nan take, jijjiga ce ke tafe. Mai zuwa tsarin iyali ita ma ta faɗa wa ungozoma tana da tansiyo, don wasu ƙwayoyin ba su dace da ita ba.

Bayan haihuwa sai mu ce an sauka lafiya, magana ta ƙare. Sau da yawa ba ta ƙare ba, a koma awo. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon wuta. Mu iyaye da surukai da ke kula da mai jego, in an ce tana da hawan jini, mu ɗauke mata kanwa, mu sassauta zafin ruwa.

Da azumi kuma da yawa sukan ajiye magani wata guda cur. Kafin watan ya kama a je a tambaya. Mafi yawan masu shan sau ɗaya a rana ana mayar musu da shi lokacin sahur ko buɗa-baki. Mai shan sau biyu ko uku, ko mai maganin fitsari, ita ce ta fi bukatar shawara.

Abin da asusu zai iya yi

A nan jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ana koyi da shi a ƙasashe da dama. Abin da ya riƙe shi har yanzu shi ne haɗuwa kowane sati, amana, da sa ido a kan juna. Abubuwan nan uku su ne mai hawan jini take bukata. Ga shawarwarin da muke so kowane rukuni ya tattauna a zamansa na gaba.

Na ɗaya, kuɗin taimako. Mun saba fidda su ran suna, ran rasuwa, ko in an kwantar da mutum. Me zai hana a ware wani kaso don sayen magani kafin a kai ga kwanciya? A misali, in mu talatin ne, kowa ta ƙara dala biyar a sati, dala ɗari da hamsin ke nan, a wata jika uku. A ba mai bukata rance ba riba, ta biya da kaka.

Na biyu, ajiyar kaka. Ran rabon asusu, mai hawan jini ta fidda kuɗin maganin watannin bazara da damina tun kafin a shiga kasuwa, ta bar su hannun ma'ajiya.

Na uku, tafiya ɗaya. In mata huɗu a ƙauye guda suna shan magani, su daidaita ranar komawarsu, ko in sayen magani ne kawai, mutum ɗaya ta tafi da takardun duka. Kowa da takardarta, kowa da maganinta. Kada a ara wa juna ƙwaya ko da kwalin iri ɗaya ne.

Na huɗu, abokiyar tuni. Kowace mai magani ta zaɓi mace ɗaya da ta yarda da ita, wadda za ta riƙa tambayarta. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma sirrinta nata ne. Wadda ba ta so a sani a taro, kada a tona ta, kuma wannan ba abin cin tara ba ne.

Na biyar, na'urar awo. Rukuni biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi mai batir ta ɗaurawa a damtse, su roƙi majo ya duba ta, ya koya wa mata biyu aiki da ita. Mai awo ta zauna ta huta minti biyar, ba magana, hannu a ɗore kan wani abu, a rubuta a littafi da kwanan wata. Mu masu awo ne kawai. Rubuta magani, ƙarawa ko ragewa, aikin asibiti ne.

Na shida, gayyata. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya. Rukunonin gari ɗaya suna iya haɗuwa su gayyaci ma'aikacin lafiya ya zo ya auna kowa, a kira maza su ma.

Alamun da ba a jira da su

In baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko aka ji ciwon kai mai tsanani da ba a taɓa ji ba, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, a nemi abin hawa nan take zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa. In an ce a wuce Madarunfa ko Maraɗi, a wuce. Kuɗin taimako don irin wannan rana aka tara su.

Ƴan uwa, a zaman wannan sati, bayan an ƙirga kuɗi kafin a rufe akwati, shugaba ta ɗauki minti goma ta karanta wa waɗanda ba su karatu wannan shafi. Wadda ta ajiye maganinta ta ɗauko kwalin, ko babu komai a ciki, ta koma da shi asibiti a auna ta a sake farawa. Ba wanda zai kore ta don ta yi fashi. Wadda kuma ba a taɓa aunawa ba, ta je a auna ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a asusunmu. Amin.